Injin da Ba a Ajiyewa a Ƙasa

Bayan sadakar arba'in ta Malam Abdulmuɗallib baƙi suka watse, gidan da ke unguwar Amriguébé a N'Djamena ya yi wani irin shiru da jikarsa Hansai ba ta saba da shi ba. Mutum ɗaya ne bai tafi ba, Kawu Lawal, yayan mahaifiyarta, wanda ya zo daga Kano. Shi da Inna Dije kaɗai Malam ya haifa, kuma abin da ya rage ba a raba ba shi ne littattafai.

Suna zaure, cikin manyan kabad na katako da suka kusa taɓa rufi. Iyayen Malam ne suka fara tara su, tun da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Chari, suka zauna. Waɗansu bugun Masar ne, waɗansu rubutun hannu, takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi. A gefen shafuka akwai rubutun Malam kansa, da siririn alƙalami. Har yanzu 'yan kasuwar Grand Marché da suka yi karatu a gabansa suna zuwa bayan la'asar, babban cikinsu ya zauna kusa da buzun Malam, ba a kansa ba, ya ja musu karatu.

"Kashi biyu nawa, kashi ɗaya naki, Dije," in ji Kawu da safiyar Talata. "Ba ni na tsara ba. Kuma 'ya'yana ma jikokinsa ne. Ga Mubarak can yana karatun addini, bai taɓa riƙe littafin kakansa ba."

"Haka ne, Yaya," in ji Inna, idonta a ƙasa.

Hansai tana tsaye da tiren shayi. Ta san abin da rabon yake nufi. Littafi mai juzu'i da yawa zai bi mai babban kaso, ragowar su zama tarkace, masu zuwa bayan la'asar su zo sau ɗaya, sau biyu, su daina. Ita ba mai magana a gaban manya ba ce. Ko a makaranta, in malami ya kira sunanta, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Amma ta ajiye tiren, ta durƙusa.

"Kawu, in Mubarak zai iya karanta su daga Kano fa?"

"Ta yaya?"

Ta yi bayani, tana tuntuɓe da kalmomi. A shekarar ƙarshe idon Malam ya yi rauni, sai ta riƙa ɗaukar hoton shafukan, tana girmama masa su a allon kwamfutarta. Da farko littafin da yake koyarwa kawai take ɗauka. Daga baya abin ya zame mata jiki, ta bi kabad ɗin layi-layi, shi kuma yana tsokanarta, yana cewa amaryarsa mai gilashi ta fi son takarda a kan miji. Hotunan duk suna wurinta. Karatun rezo ta yi, wato haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, kuma yanzu tana koyon aiki a wani ofis. In ta samu inji ɗaya ta shirya shi ya zama serveur, wanda ba a kashewa, kowa ya shiga ya ɗauki abin da yake so, to Mubarak zai buɗe kowane shafi daga wayarsa.

Kawu ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Motar kaya za ta tashi Asabar da safe," ya ce. "Ran Juma'a, in an sauko daga masallaci, zan kira Mubarak a gabanki. In ya karanta mini abin da na tambaya, littattafai su zauna. In bai karanta ba, kada ki yi mini kuka, Hansai. Ba na iya jure kukan mata."

"Ba zan yi ba, Kawu."

"Kina ma shirin yi yanzu."

Ta samo injin a unguwar Diguel, wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan ofis. Baƙi ne, mai nauyi, gefensa a lotse. Ta rungumo shi a bayan kilando, mai babur yana ta mita cewa kusurwar ƙarfen tana sukar bayansa. A zaure ta ajiye shi a ƙasa, can lungu, tsakanin bango da kabad. Nan siminti ya fi sanyi a wannan zafin na bazara, kuma nan ne kebul ɗin da take da shi yake kaiwa daga modem, na'urar intanet ɗin gidan, wanda ke rataye a ƙusa kusa da taga don ya kama rezo sosai. Wuta kuwa daga batirin sola ta jawo, saboda ba ta yarda da ta gari ba.

Ta buɗe shi, ta hure ƙura daga fanka, ta soka 'yar USB ɗin da ta saka wa Linux, manhajar da za ta tafiyar da injin. Allon aro da ta jona ya kawo shuɗi, tambayoyi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: wane harshe, agogon wane gari, a goge faifan ajiya duka ko a bar wani abu. Ta ce a goge. Kafin ta danna sai da ta sake karanta tambayar, ta sake, ko da yake ta san babu komai nata a ciki. Haka take, ba ta yarda da idonta a karon farko.

Da aka zo wurin ba inji suna, ta tsaya. A ofis sunaye irin na lamba suke bayarwa. Ta rubuta sunan Malam, ta kalle shi a allon, haruffa ƙanana farare. Ta goge, ta rubuta zaure.

Ba ta saka masa hotuna da maɓallai irin na kwamfutar gida ba. Baƙin allo kawai, da wurin rubuta umarni, don kada tsohon injin ya wahala. Ta ba shi adireshi tsayayye, wanda ba zai canza ba ko an kashe modem an kunna. Sannan ta zo kan abin da ta fi so a duk aikin, abin da ake kira ping. Ɗan saƙo ne inji yake aika wa wani, kamar mai sallama a ƙofar gida, sai ya saurara. In ana ciki, amsa ta dawo. Ta yi wa modem sallama, ya amsa. Ta yi wa wani inji da ke can waje, a wata ƙasa, ya amsa, a ɗan makare. Ta gwada da suna maimakon lamba, don ta ga ko injinta ya san yadda ake tambayar hanya, nan ma ya amsa. Layukan suna saukowa a allon ɗaya ƙarƙashin ɗaya, tana kallonsu har ta manta ƙafarta ta yi sanyi a kan siminti.

Abin da ya ba ta wuya shi ne hanyar shigowa daga waje. Injin yana iya fita, amma na waje ba ya iya samunsa. Ta shafe Laraba tana fama, tana karanta bayanai da Faransanci da ba su dace da juna ba, har ta haɗa masa wata keɓaɓɓiyar hanya wadda shi yake buɗewa daga ciki, mai kalmar sirri ya biyo ta. Ran Alhamis ta fara zuba hotunan.

Tana cikin haka Inna ta shigo da tsintsiya. Ta tsaya a kanta, tana kallon 'yar koriyar fitila da ke ƙyaftawa a bayan injin.

"Wai duk littattafan Malam suna shiga cikin wannan?"

"Duka, Inna."

"Har da Alƙur'aninsa?"

"Har da shi. Shi na fara sakawa."

Inna ta kalli injin, ta kalli simintin da yake kai. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai aka kira ta daga cikin gida, ta fita. Hansai ba ta ɗaga kai ba, hankalinta yana kan allo.

Da yamma ta fita ƙofar gida, ta kashe wifi a wayarta don ta zama kamar baƙuwa, ta shiga. Shafin farko ya buɗe a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ta tura wa Mubarak adireshi da kalmar sirri, ta roƙe shi kada ya taɓa sai gobe in Kawu ya kira shi. Ya amsa da cewa shi dama bai yi tsammanin a N'Djamena akwai lantarki ba.

Ran Juma'a da safe ta tafi ofis, don ba ta da ƙarfin halin neman izini. Ba ta tsinana komai a can ba. Ta dawo rana tana tsaka, garin kamar an buɗe bakin tanda, ta wuce ta ƙofar baya saboda masu dawowa daga masallaci sun cika gaban gida. Ta tarar da Kawu a tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, ya cire babbar riga. Inna tana gefe tana tankaɗe.

"To, malamar inji," ya ce. "Bismillah."

Ya kira Mubarak, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baba, ina wuni. Ina 'yar Chadin? Ta gudu?"

"Ina nan, ɗan Kano," in ji Hansai. Tsakaninta da shi akwai wasan taubasai, shi kaɗai take iya mayar wa magana. "Ka buɗe, in ka iya karatu."

"Ni da nake koyar da irinku? Tsaya ki gani."

Suka jira. Tankaɗen Inna yana ta ƙara, sannan ya tsaya.

"Yana ta juyawa," in ji Mubarak.

"Ka ba shi lokaci."

"Na ba shi. Ya ce ba a samu ba. Ko sai na yi masa Larabcinku na kasuwa?"

Babu wanda ya yi dariya. Mubarak ya ji shirun, ya rage murya. "Bari in sake."

Ya sake, bai buɗe ba. Hansai ta zauna. Ta ciro kwamfutarta daga jaka, ta ɗora a cinya, ta tuna abin da aka koya mata: kada ka yi tsalle, fara daga na kusa. Ta yi wa modem ping, ya amsa. Ta yi wa na waje, ya amsa. Ke nan ba rezo ba ne, ba kuɗin data ba ne. Ta rubuta adireshin zaure, ta danna. Babu amsa. Ta jira, layi bai sauko ba.

"Mene ne?" in ji Kawu.

"Injin ne ba ya amsawa."

Ta miƙe ta nufi zaure, Kawu ya biyo ta da wayar a hannu. A lungun da ta bar shi babu komai sai sawun tsintsiya. Kebul ɗin rezo yana kwance a ƙasa, bakinsa ba a jikin komai ba. Ta bi wayar wuta da ido. An ƙara mata wata doguwa, ta hau bango, ta ɓace a saman kabad. Can sama, dab da rufin kwano, akwai wani ƙunshi fari, an naɗe shi tsaf, an ɗaure da kyau. Ta gane ƙyallen. Rawanin Malam ne.

"Ni na ɗora shi," in ji Inna daga bakin ƙofa. Hannunta duk gari. "Jiya ban yi barci ba. Alƙur'anin Malam a ƙasa, inda ake taka ƙafa, inda kyanwa take wucewa? Mutumin da ko takarda ya gani a hanya da rubutun Larabci sai ya ɗauka ya soka a bango? Na yi alwala kafin in taɓa. Wutar ma ban bar shi babu ita ba, na jona masa."

"Inna, ɗayan kebul ɗin..."

"Bai kai ba. Na ce in kin dawo kya gyara."

Hansai ta taka gefen kabad ta miƙa hannu. Ƙyallen da zafi kamar an sauke shi daga guga. Babu ƙarar fanka. Tun safe injin yake naɗe, ba ta inda zai sha iska, ƙarƙashin kwanon da rana take duka. Ya kashe kansa. Ko ya kashe kansa da wuri, ko sai da faifan ya ƙone, ba ta sani ba. Hotunan suna kwamfutarta, amma wani inji, da shirya shi, da zuba su, ba za su yiwu kafin safiya ba.

Ta so ta ce kowa yana da Alƙur'ani a waya, yana jefa ta ko'ina. Ta kalli Inna, ta tuna wayar Inna ba ta taɓa kwana a ƙasa ba. Sai ta haɗiye maganar.

Kawu ya ce wa Mubarak ya dakata a kan layi, ya miƙa wa Inna wayar, ya sauko da ƙunshin da kansa. Hansai ta warware rawanin a hankali, ta ninke shi, ta ba Inna.

"Na ɓata shi?" in ji Inna. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Ban sani ba tukuna. Sai ya huce."

Suka tsaya su uku, Kawu yana riƙe da shi a tsaye, Hansai tana masa fifita da mahucin kaba. Daga titi ana jin masu dawowa daga masallaci suna gaisawa da Larabcin garin, afe, afe, har suka ragu. Hansai ta riƙa taɓa ƙarfen da bayan hannu.

"Ya yi," ta ce. "Kawu, a mayar da shi lungun, kebul ɗin nan kawai yake kaiwa."

"A'a," in ji Inna.

"Inna, na ɗan lokaci ne."

Kawu bai motsa ba. Ya kalli lungun, ya kalli ƙanwarsa.

"Malamai sun yi magana a kan irin wannan, Dije. Ba kamar takarda ba ne."

"To ajiye shi, Yaya."

Bai ajiye ba. Hansai ta ga yadda yatsunsa suka ƙara riƙe ƙarfen.

"Babu tebur?" ya ce.

Zauren Malam bai taɓa samun tebur ba. Hansai ta ce za ta kawo kujera 'yar tsugunno, Inna ta ce abin da ake zama a kai? Kawu ya yi ajiyar zuciya. Ya taka zuwa lungun, ya juya, ya jingina da bango, ya zame a hankali har ya zauna, ya naɗe ƙafafu, ya ɗora injin a cinyarsa.

"Jona," ya ce. "Kada ki kalle ni haka, jona."

Ta durƙusa ta soka kebul ɗin rezo, ya yi 'yar ƙara ya kama. Ta jona allo. Ta yi bismillah a ciki, ta danna maɓalli.

Fanka ta yi tari, ta tashi. Rubutu ya fara gudu a baƙin allo, sannan ya tsaya. Injin yana duba faifansa, saboda kashewar da ya yi ba ta ƙa'ida ba ce. Hansai ta cije leɓe. Ta san in zai nuna ɓarna, a nan zai nuna.

"Yana rawa a jikina," in ji Kawu. "Haka yake yi?"

"Haka yake yi."

Rubutun ya ci gaba. Ya kai ƙarshe, ya tsaya a kan kalmar zaure, yana jiran a shiga. Ba ta yi murna ba tukuna. Ta jawo kwamfutarta ta yi masa ping. Layi ya sauko, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Daga injin kansa ta yi wa modem, ta yi wa na waje, ta duba ko keɓaɓɓiyar hanyar ta buɗe. Ta buɗe.

"Mubarak," ta ce. "Gwada."

"Na ɗauka kun manta da ni. Katin Baba yana ƙonewa, ku mutanen..." Sai ya ɗaga murya. "Ya buɗe. Baba, ya buɗe."

Kawu ya faɗi sunan wani littafin fiƙihu, ya ce a buɗe babin jana'iza. Hansai ta gaya wa Mubarak inda zai shiga. Muryarsa ta canza da ya fara karatu, wasan ya fita daga cikinta. Ya karanta matanin, ya ce akwai rubutu a gefe, da siririn alƙalami.

"Karanta shi," in ji Kawu.

Ya karanta. Bayani ne gajere da ajami, a kan yadda ake tausasa hannu wajen wanke mamaci. Inna ta juya fuskarta ga bango. Kawu ya rufe ido, tafin hannunsa a kan injin.

"Juya shafi."

"Wannan bai fito ba, Baba. Ya yi dishi-dishi. Kuma ga wani ƙaton yatsa ya rufe rabin layi. Hansai, wannan babban yatsan naki ne ko na raƙumi?"

Kunya ta rufe ta. Ta tuna ranar, Malam yana tari, tana sauri.

"Akwai irinsu da yawa?" in ji Kawu, bai buɗe ido ba.

Ta so ta ce kaɗan ne. "Akwai, Kawu. Ban duba duka ba. Sai na sake ɗaukar waɗansu."

"In na tafi da su, da me za ki sake ɗauka?"

Ya buɗe ido, ya kalli Inna.

"Dije," ya ce, "a gaya wa mutanen la'asar su ci gaba da zuwa. Kasona na bar shi a nan, don Allah, ba na sayarwa ba ne, ba na rabo ba. Mubarak, in ka ga shafin da bai fito ba ka gaya mata, ka dame ta har ta gyara."

"Wannan ai ba sai an roƙe ni ba," in ji Mubarak.

Inna ta ce Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Malam. Hansai ta ce amin, ta share gilashinta da gefen mayafi, ta sake sharewa.

"Kawu, bari in kashe shi ka miƙe. Ƙafarka za ta sage."

"Ta riga ta sage. Ina ake samun dogon kebul irin wannan?"

"Grand Marché. Sun fara buɗewa yanzu."

"To je ki. Ki biya wurin kafinta kuma, ya zo ya auna bangon nan, sama da kan mutum, inda iska take shiga." Ya gyara zaman injin a cinyarsa, ya karɓi wayar daga hannun Inna. "Kada ki kashe. Yaron bai gama babin ba."

Hansai ta ɗauki jakarta. Tana saka takalmi a bakin ƙofa ta ji Mubarak ya tsallake shafin da bai fito ba, ya kama na gaba.